Littafin da Ya Hana Matasan Zango Barci

Wani malamin kimiyya ne ya gabatar da wannan lacca a zaman masu karatu na matasa a unguwar Aboabo, Kumasi. An rubuto ta daga abin da aka naɗa a waya.

Assalamu alaikum warahmatullah. Iyayena da ke sahun gaba, malamai, ƙannena maza da mata, sannunku da zuwa. Na san akwai waɗanda suka rufe shago a Kejetia tun da sauran ciniki don su samu zaman nan. Allah ya saka da alheri.

Littafin da aka ce in yi magana a kansa shi ne Angels & Demons, na wani Ba'amurke mai suna Dan Brown. Ya fito a shekarar 2000, aka mai da shi fim a 2009, Tom Hanks ya ja fim ɗin. 'Yan kwafin da muke da su sun zaga hannuwa har bango ya rabu da wasu, kuma duk wanda ya karanta an roƙe shi ya rubuto ra'ayinsa a takarda. Takardun suna hannuna, a kansu zan gina magana.

Ga waɗanda ba su karanta ba, a taƙaice: an kashe wani masanin kimiyya, wanda kuma limamin Katolika ne, a cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da Janiba. An sace wani abu mai haɗari da ya haɗa, aka ɓoye shi a Fadar Batikan a daidai ranar da manyan limamai, wato kadinal-kadinal, suka kulle kansu don zaɓen sabon Fafaroma. An sace huɗu daga cikinsu, ana kashe ɗaya duk bayan awa guda, abin kuma zai tashi da tsakar dare. Wata ƙungiyar asiri, Iluminati, ita aka ce ta dawo ɗaukar fansa. Sai aka ɗauko wani farfesa daga Amurka yana bin alamu daga wannan coci zuwa wancan a birnin Rum. Ƙarshen ba zan faɗa ba, saboda na ga masu jiran layi.

Mafi yawan takardun nan abu ɗaya suka faɗa: littafin ba ya ajiyuwa. Wani ɗan'uwa tela ya rubuta cewa ya ɗauka bayan isha'i da niyyar babi biyu, bai ankara ba sai da ya ji kiran assalatu. Na yarda da shi, kuma wannan gwaninta ce da ya kamata a ba marubucin. Ku duba yadda ya yi. Babi gajere, wani shafi biyu, wani uku. Kusan duk labarin a cikin kwana ɗaya ya faru. Agogo na tafiya a gabanka, kuma ba ya rufe babi sai ya bar wani a bakin mutuwa ko da tambaya a baki. Masu son rubuta labari a cikinku, akwai abin koyo a nan.

Amma gudun nan yana da farashi. Kamar direban turoturo ne da ya taka mota daga Kejetia zuwa Ejisu: za ka isa da wuri, amma allunan bakin hanya ba ka karanta ko ɗaya ba. Marubucin yana jefo maka magana a kan tarihi ko kimiyya a tsakiyar gudu, lokacin da hankalinka na kan wanda za a kashe ƙarfe tara, sai ka haɗiye ba ka tauna ba. Ga shi a farkon littafin ya rubuta cewa ƙungiyar Iluminati gaskiya ce, wuraren da ya ambata a Rum ma gaskiya ne. Daga nan mai karatu ya saki jiki. Na gani a takardunku: da yawa sun rubuta “na koyi tarihi sosai”. Wannan jimlar ita ta sa na amsa gayyatar nan.

Bari mu fara da abin da aka sace, tunda fannina ne. Sunansa antimata. Akwai shi, ba ƙirƙira ba ce. Ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka yi jikina da naku da kujerar nan, kowace tana da takwara mai nauyi iri ɗaya amma cajinta akasin nata. In suka haɗu, su biyun sai su ɓace su zama makamashi zalla. Paul Dirac na Ingila ya hango haka ta lissafi a 1928, Carl Anderson ya ga irin wannan ƙwaya a gwaji a Amurka a 1932. Cibiyar CERN ma tana nan, an kafa ta a 1954, tana da rami zagayayye mai tsawon kilomita 27 a ƙarƙashin iyakar Suwizalan da Faransa. Kuma rubu'in giram ɗin da littafin ya ambata, da za a same shi, ƙarfinsa zai doshi na bom ɗin da aka jefa wa Hiroshima a 1945. Zuwa nan marubucin bai kauce ba.

Inda ya kauce shi ne samuwar. A 1995 CERN ta haɗa ƙwayoyin zarra na antimata karon farko, guda tara kacal, suka ɓace nan take. A 2011 da aka iya riƙe wasu na minti 16 da ɗoriya, duniyar kimiyya ta yi murna. Da irin saurin da ake samar da shi, tara rubu'in giram zai ci miliyoyin shekaru masu yawa. Babu wanda zai sa shi a gwangwani da batir ya hau jirgi. Amfaninsa na yau yana asibiti: na'urar ɗaukar hoton da ake kira PET, wadda ake bin diddigin ciwon daji da ita, da irin waɗannan ƙwayoyi take aiki.

Sai Iluminati, kuma a nan zan ɗan daɗe, domin wannan suna ya riga littafin shigowa Zango. Yaro ya yi waƙa ta karɓu, a ce ya shiga Iluminati. Ɗan ƙwallo ya rufe ido ɗaya a hoto, a ce ga alama. Har ta kai 'yan damfara na turo saƙo ta WhatsApp da Facebook, wai ka tura kuɗin rajista ta momo, wato asusun kuɗi na waya, a shigar da kai ka yi arziki. Sai ga littafi na Turanci mai kauri, da sunayen coci-coci da taswira, yana cewa gaskiya ce. Ɗaya daga cikinku ya rubuta cewa yanzu ya samu hujja. Ƙanena, ba ka samu ba.

Ga abin da tarihi ya tabbatar. Wani malamin shari'a a jami'ar Ingolstadt, Adam Weishaupt, shi ya kafa ƙungiyar ran 1 ga Mayu 1776 a Bafariya, cikin Jamus ta yau. Mutane ne masu son rage ƙarfin coci a harkar mulki da ilimi, suna taro a ɓoye da sunayen aro. Sarkin Bafariya ya haramta su a 1784 da 1785, aka kwashe takardunsu aka buga kowa ya gani, ƙungiyar ta watse. Ba ta cika shekara goma tana aiki ba. Littafin kuwa ya ce Galiliyo, masanin taurari ɗan Italiya, ɗan ƙungiyar ne, haka ma Bernini, gwanin sassaƙa na Rum. Galiliyo ya rasu a 1642. Bernini ya rasu a 1680. Ku yi lissafin da kanku: wanda ya mutu shekara 134 kafin a kafa ƙungiya, ta yaya zai zama ɗanta? Haka aka sa wani a labarin ya ce coci ce ta kashe Kofanikas, masanin taurarin da ya ce duniya ce ke zagaya rana. Mutumin ya rasu a kan gadonsa a 1543 yana da shekara 70, kuma shi kansa ma'aikacin coci ne.

Kada wani ya ce na zo wanke coci. Abin da aka yi wa Galiliyo zalunci ne. A 1633 aka gurfanar da shi, tsoho mai kusan shekara 70, aka tilasta masa ya janye maganarsa cewa duniya ce ke zagaya rana, aka tsare shi a gida har mutuwarsa. A 1600 an ƙone masanin falsafa Giordano Bruno a Rum saboda ra'ayoyinsa. Sai a 1992 Fafaroma John Paul na Biyu ya fito fili ya amsa cewa an yi kuskure a kan Galiliyo. Duk wannan ya faru. Amma Galiliyo bai bar addininsa ba har ya mutu, 'yarsa ma a gidan ibada ta ƙare rayuwarta. Wanda ya kawo lissafin faɗaɗar sararin samaniya a 1927, wanda daga baya ya zama ra'ayin Big Bang a kan yadda sararin samaniya ya faro, limamin Katolika ne ɗan Beljiyam, Georges Lemaître. Kuma ɗan ƙasarmu, Kadinal Peter Turkson, wanda ya yi babban limamin Cape Coast, shi aka naɗa a 2022 ya riƙe ragamar majalisar masana kimiyya ta Batikan.

Akwai takarda ɗaya da ta bambanta da saura. Wata 'yar'uwa ta tambaya: me ya sa makashin da ke labarin Balarabe ne, mai ƙishin jini da wulaƙanta mata? Madalla da wannan ido. Marubucin ya jingina shi da mutanen Hasan Sabbah, waɗanda suka kama ganuwar Alamut a ƙasar Farisa a 1090, Mongol suka rushe su a 1256. Ya tsallako shekara ɗari bakwai da wani abu ya ɗauko jikansu ya ba shi wuƙa. A duk littafin, shi ne fuskar Gabas da mai karatu zai gani. Masu fim da suka tashi a 2009 sai suka sauya shi da Bature. Abin da ya dame ni shi ne, a cikin masu karatu Musulmi da yawa, mutum ɗaya ce ta tsaya a kan wannan. Sauran gudu ya wuce da su.

Yanzu ga abin da ya fi ci mini rai. Wata ɗaliba da ke shirin shiga KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, ta rubuta cewa littafin ya tabbatar mata da tsoron da take da shi, cewa wanda ya zurfafa a kimiyya imaninsa zai yi rauni. Ta ce har tana tunanin sauya fanni. A yi wa marubucin adalci, ya sa limami masanin kimiyya a labarinsa wanda yake ganin abubuwan biyu ba su saɓa ba. Amma wannan mutumin a shafin farko aka kashe shi, abin da ya zauna a kan mai karatu shi ne yaƙi.

'Yata, ki saurare ni. Rikicin Galiliyo rikici ne na wata hukuma a wani zamani a Turai, ba gadonki ba ne. Littafin aljabara da Alkawarizmi ya rubuta a Bagadaza a ƙarni na 9, babban kaso nasa lissafin wasiyya da rabon gado ne. Ibnul Haisam, wanda ya kafa ilimin haske da gani a kan gwaji, a Alƙahira ya rubuta Kitabul Manazir. Ibnu Shaɗir, wanda ya rasu a 1375, aikinsa a babban masallacin Dimashƙa shi ne fitar da lokutan salla, kuma lissafinsa na tafiyar wata ya zo daidai da wanda Kofanikas ya fitar bayan shekara fiye da ɗari da hamsin. Masallaci ke biyansa albashi don ya kalli sama. Daga ƙasar Hausa ma akwai Muhammadu Alkashinawi, Bakatsine, masanin lissafi da taurari, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741. Jadawalin lokutan sallar da ke manne a bangon masallacin unguwarku, lissafin kusurwar rana ne.

Ba na cewa babu tambayoyi masu wuya. Akwai. Duk shekara mu kanmu muna ja-in-ja kan ganin wata da lissafin masana, wani lokaci unguwa ɗaya a yi salla rana biyu. A ajin nazarin halittu za ki gamu da batun asalin ɗan Adam, zai sa ki tunani, kuma ya kamata ki kai shi gaban malamin da ya san fannin biyu, ba wanda zai kore ki da tsawa ba. Irin waɗannan malamai ba su da yawa a cikinmu, kuma ba za su yi yawa ba muddin masu ƙwaƙwalwa irinki suna gudun ajin kimiyya. Asibitocin da iyayenmu mata ke zuwa haihuwa suna buƙatar likita mai jin Hausa. A Kuntunse, kusa da Akra, akwai faifan sauraron taurari mai faɗin mita 32 da aka ƙaddamar a 2017. Ina so wata rana in ji 'yar Aboabo ce ke zaune a gabansa.

Baba da ke gaba ya aiko da tambaya ko a hana yara karanta irin wannan littafi. Baba, da girmamawa, ni ban ga haka ba. Yaron da ya kwana a kan littafi mai shafi ɗaruruwa, a zamanin da waya ta cinye idon kowa, abin murna ne. In ka ƙwace, zai kalli fim ɗin a waya, babu mai tattaunawa da shi. Amma a lura da shekaru: akwai kisa mai muni a ciki da wasu wurare da ba su dace da ƙananan yara ba, don haka ɗan firamare ko na ƙaramar sakandare a dakata masa.

Ga waɗanda littafin bai kai hannunsu ba tukuna, ga roƙona. Ku karanta da fensir. Duk inda aka ambaci shekara, ko sunan mutumin da ya taɓa rayuwa, ko aka ce coci ta yi kaza, kimiyya ta gano kaza, ku sa ɗigo a gefe ku ci gaba da gudunku. In kun gama, ku zaɓi ɗigo biyar ku bincika, ku zo mana da abin da kuka samu a zama na gaba. Masu zuwa ɗakin karatu na jami'a su taimaka wa waɗanda ba su da hanya. Ɗalibar da ta yi maganar sauya fanni kuma, ki tsaya bayan an tashi, ke da mahaifiyarki in tana nan, mu yi magana.

Lokacin magariba ya gabato. Wassalamu alaikum warahmatullah.