Darasi: Zaɓen Katakon Zamiya Don Tafiyar Tsaunuka a Lokacin Dusar Ƙanƙara

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Darasinmu na yau ya shafi wanda yake zaune a ƙasashen arewacin Turai, musamman Norwe da Suwidin, kuma yake son ya bar layin da mota take shatawa a bayan gari ya shiga tsaunuka da katakon zamiya, wato ski, yana kwana daga wannan bukka zuwa waccan. Ƙungiyar masu yawon tsaunuka ta Norwe, DNT, wadda aka kafa a 1868, tana da irin waɗannan bukkoki fiye da 500, kuma a tudun Hardangervidda na Norwe ko a hanyar Kungsleden ta Suwidin mutum kan yi wuni cur yana tafiya a kan dusar da babu wanda ya gyara masa ita.

Bari mu fara da faɗin katakon. A jikin kowanne za ku ga lambobi uku, misali 76-56-66, waɗanda suke nuna faɗin kai da na tsakiya da na wutsiya a ma'aunin milimita. Idan kan bai wuce milimita 68 ba, katakon zai shiga layin da aka shata, saboda haka zai yi muku aiki biyu. Mai faɗi ya fi tsayawa a saman dusa mai laushi, kuma idan tsakiyarsa ta tsuke sosai ya fi saurin juyawa a gangara, amma a fili miƙaƙƙe yana yawan karkacewa, yana cin ƙarfin ƙafa. Sabon shiga kan ɗauki mafi faɗi don yana ganin ya fi tsaro, alhali mafi yawan tafiyarsa a shimfiɗaɗɗen wuri za ta kasance. A ganina, wanda zai ratsa Hardangervidda da kaya a baya ya nemi siriri ko matsakaici. Abin da ba na sassautawa a kansa shi ne bakin ƙarfe a gefen katakon, domin a tsauni iska takan daskarar da dusa ta yi tauri, kuma katakon da ba shi da ƙarfe ba ya kama irin wannan wuri ko kaɗan.

Yanzu ku ba ni aron kunnuwanku da kyau, domin a nan ne ake yawan asarar kuɗi. Idan kuka ajiye katakon a ƙasa, za ku ga tsakiyarsa ta ɗaga kamar bakan maharbi. Wannan doron shi ne sirrin tafiyar baki ɗaya: lokacin da nauyinku ya rabu a ƙafa biyu, tsakiyar ba ta taɓa dusa, sai ku zame gaba, idan kuma kuka danna da ƙafa ɗaya, sai ta sauka ta kama, ku samu abin tunkuɗawa. Doro mai tauri fiye da nauyinku zai sa ku riƙa sulɓewa baya a kowane hawa, mai laushi kuma zai riƙa jan ƙasa har ku gaji tun kafin azahar. Shi ya sa ake zaɓen tsawo da tauri bisa nauyin jiki tare da jakar da za a goya, ba bisa tsayin mutum kaɗai ba. Mai kilo 70 da zai ɗauki jakar kilo 15, katakon mai kilo 85 yake nema.

Akwai gwajin da za ku iya yi a cikin kanti. Ku hau katako biyun a kan daɓe mai santsi, ku raba nauyinku daidai, wani ya zura takarda a ƙarƙashin tafin ƙafarku. Ya kamata ta riƙa motsi gaba da baya ba tare da cijewa ba. Daga nan ku ɗora nauyin duka a ƙafa ɗaya, takardar kuma ta kamu har ya kasa zare ta. Idan aka samu akasin haka, ku ajiye, komai kyan farashin.

Sai maganar abin da yake kama dusar a ƙasan katakon. Wasu an yi musu zane irin na ɓawon kifi, ba sa buƙatar shafa komai, kuma suna da amfani idan yanayi yana kaiwa da komowa a kusa da digiri sifiri na ma'aunin Celsius, ko da yake suna rage gudu kuma suna yin ƙara a kan ƙanƙara. Wasu kuma kaki ake shafa musu: shuɗi a lokacin tsananin sanyi, ja idan dusa ta fara jiƙa, sai mai danƙo da ake kira klister don dusar da ta narke ta sake daskarewa. Kaki ya fi daɗin tafiya, amma sai an koye shi. Ko wanne kuka zaɓa, ku riƙe gajeriyar fata ta mohair (gashin wata irin akuya) ko nailan da ake mannawa a tsakiya, domin ita ce take ceton mutum a hawa mai tsayi ko idan yana jan kaya.

Game da mariƙin takalmi, wato abin da yake haɗa takalmi da katakon, nau'i uku ne suka fi yawa: NNN BC, da tsohon samfurin milimita 75 mai ƙusoshi uku, da Xplore na kamfanin Rottefella, kuma takalmin wannan ba ya shiga mariƙin wancan. Saboda haka ku fara da takalmin da ya zauna muku da safa mai kauri, wanda diddige ba ya ɗagawa a cikinsa, sannan ku sayi mariƙin da ya dace da shi. Siririn katako yana tafiya lafiya da NNN BC, mai faɗi kuwa yana buƙatar takalmi mai tauri da zai iya juya shi.

Ku sani kuma cewa wannan katako na tudu da kwari ne masu sauƙi, ba na gangara mai tsanani ba. Zaftarewar dusa ta fi aukuwa a gangaren da ya kai digiri 30 ko fiye, don haka ku duba hasashen Varsom, shafin gargaɗin zaftarewar dusa, kafin ku fita idan a Norwe kuke. A darasi na gaba za mu ɗauki sanduna da tufafi. Mu kwana nan, a huta lafiya.