Man gyaɗa a bututu biyu: yadda muke raba kitsen da ya manne wa juna

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Yau daga ɗakin gwajinmu nan Jamus, man gyaɗa ne a kan tebur.

Bari in matso da kyamara. Bututun C18, wanda aka cika da sinadarin da ke riƙe kitse har kowane iri ya fito a lokacinsa, yana raba kitse ne da lissafi ɗaya: yawan kabon, a cire biyu kan kowane tagwayen ɗauri, wato inda kabon biyu suka haɗu da ɗauri biyu. Ku duba OOO, kitse mai sarƙar oleyik uku, kabon 54, tagwayen ɗauri uku, ya ba da 48. POO kuma, mai sarƙar falmitik ɗaya da oleyik biyu, kabon 52, tagwayen ɗauri biyu, shi ma 48. To kun ga matsalar, a manne suke fitowa. Shi ya sa muke sa bututun azurfa da farko, kafin C18. Azurfa tagwayen ɗauri take kamawa, don haka OOO ya fi jimawa a ciki.

Wannan siririn shi ne na azurfar, faɗinsa milimita 1. Heksen, ruwan da ke ɗaukar kitsen, ke bi ta cikinsa da ɗan asetonaitiril, bai kai kashi 1 cikin 100 ba, a hankali, maikurolita 10 a minti. Abin da ya fito yana taruwa a madaukai biyu na wannan bawul mai ƙofa goma. Duk minti biyu bawul ya juya, ya tura maikurolita 20 cikin gajeren C18, aisofurofanol da asetonaitiril su kwashe shi da gudu zuwa na'urar auna nauyin ƙwayoyi.

Inda ake shan wuya ke nan, ku saurara da kyau. Heksen ruwa ne mai ƙarfi a wajen C18, wato yana saurin kwashe kitse daga jikinsa. In kun tura shi da yawa, kitsen ba ya tsayawa a bakin bututu, sai zanen sakamakon da na'ura ke fitarwa ya baje ko ya tsage biyu. Kada ku ƙara gudun bututun farko don sauri, wallahi asara ce. Sannan dole aikin bututu na biyu ya ƙare kafin bawul ya sake juyawa, in ba haka ba ragowar ta faɗa cikin zagaye na gaba, ku karanta kitse a inda ba ya nan.

Ku rufe kwalbar heksen ɗin sosai, domin asetonaitiril ɗin yana raguwa, lokutan fitowa su riƙa zamewa. Samfurin kuma a sa masa ɗan BHT, sinadarin da ke hana iska ɓata mai, a busar da shi da iskar naitirojin, saboda iska tana ɓata linoleyik, wani sashe na kitsen man. Yanzu bari mu ɗura na farko.