Ɗaga hannun nan ba shi ne zaɓen ba: Birtaniya, 1868

Kun ga zanen nan da ake ta turawa a WhatsApp, taron Turawa kowa hannu a sama, an rubuta wai haka Birtaniya take zaɓe a da? To, da gyara.

Mu ɗauki zaɓen 1868, daga Nuwamba zuwa farkon Disamba. Gladstone na jam'iyyar Liberal ya kayar da Disraeli na Conservative da ratar kujeru sama da 100, Disraeli, wanda shi ne Firayim Minista a lokacin, bai ma jira majalisa ta zauna ba ya ajiye mulki. Wannan ba shi ne abin da ya rikita mutane ba. Mu koma kan zanen.

Ku dubi dandamalin katakon can. Ranar tsayar da 'yan takara ke nan. Bayan jawabai da ihu, jami'in zaɓe zai ce masu son wane su ɗaga hannu. Kowa ɗagawa yake yi, mai ƙuri'a da marar ita: ɗan dako, yaron shago, har wanda giyar kyauta ce ta kawo shi. Jami'in ya ƙiyasta da ido, ya ce wane ya fi. Sai ɓangaren wanda aka ce ya faɗi su ce ba su yarda ba, a je ga ƙuri'a. Da zarar sun faɗi haka, hannuwan nan duk sun tashi a banza. Mutum yana iya cinye ɗaga hannu yau, ranar ƙuri'a ya sha ƙasa.

Ranar ƙuri'ar kuwa sai mai suna a rajista. Dokar 1867 ta kusan ninka yawansu, amma har lokacin mafi yawan maza ba su ciki, mata kuwa ba a ma maganarsu. Kuma ku lura, a teburin ƙuri'ar: ba akwati, ba takardar dangwalawa. Ka zo gaban akawu, ka faɗi sunanka, ka faɗi wanda kake so da bakinka, ya rubuta a littafi. Littafin nan ana iya buga shi a sayar a gari.

Manyanmu za su ce ai ƙato bayan ƙato ne na zamanin Babangida. Ni dai ina ganin wannan ya fi shi muni. Layi in ya watse ya watse, littafi kuwa yana nan a teburin mai gonar da kake haya.

A Wales, wani ɓangare na Birtaniya, haka aka yi. Bayan zaɓen, a yankunan Cardigan da Carmarthen, an kori manoma 'yan haya daga gonaki saboda sun zaɓi Liberal, masu ƙasar kuma 'yan Conservative ne. Maganar ta kai majalisa, aka kafa kwamitin bincike a 1869.

A 1872 aka yi dokar ƙuri'ar sirri, aka kuma soke taron dandamalin gaba ɗaya. Garin Pontefract da ke Ingila ne ya fara gwada ta a zaɓen cike gurbi, watan Agustan shekarar. Akwatin ƙuri'ar da aka yi amfani da shi yana gidan tarihin garin. Hatimin da aka liƙe shi da shi kuwa tambarin masana'antar alewa ne, don garin da alewa aka san shi.