Sharhi: Iko, Mulki da Mallaka, Kowace Kalma da Mazauninta

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau daga nan Sakkwato zai tsaya a kan wasu kalmomi da ba sa barin bakinmu, a rediyo da majalisar hira da dandalin siyasa. Su ne kalmomin da Bahaushe ke jawowa idan yana maganar na sama da na ƙasa: iko, mulki, mallaka, danniya da danginsu.

Tun da matsalar tsaro ta yi ƙamari a gabashin jihar nan, akwai wata magana da ta zama ruwan dare. Za ka ji an ce ƙauyuka kaza a Sabon Birni ko Isa suna "ƙarƙashin ikon 'yan bindiga", ko kuma 'yan bindiga "sun aza wa mutane haraji" kafin su bar su su shiga gona. Masu faɗin haka ba mugunta suke nufi ba, labari suke bayarwa. Amma kalmomin nan biyu sun fi ƙarfin wurin da aka ajiye su.

Iko a Hausa abu ne mai asali. In Bahaushe ya ga abin da ya gagari hankalinsa sai ya ce "ikon Allah", domin a wurinsa can iko ya samo tushe, wanda ke hannun ɗan Adam kuwa ba shi aka yi. Shi ya sa in mutum ya wuce gona da iri ake tambayarsa, "wa ya ba ka iko?" Tambayar da kanta tana faɗa maka akwai mai bayarwa, akwai iyaka, akwai kuma ranar karɓewa. Alƙali yana da iko a kan shari'ar da ke cikin huruminsa, da ya fita daga nan ba shi da ta cewa. Uba yana da iko da ɗansa, amma tare da ciyarwa da tufatarwa da tarbiyya ikon yake tafe. To, wanda ya ɓullo daga daji da bindiga a kafaɗa, ya hana mata zuwa itace, ya hana maza zuwa kasuwa, wa ya ba shi? Abin da yake yi yana da suna a Hausa tun kaka da kakanni: mamaya, fin ƙarfi, zalunci. Haka shi ma haraji. Hukuma ke yanka shi bisa doka, a ba ka rasit, kuma da ka biya ka sami bakin tambayar ina rijiya, ina asibiti. Kuɗin da ake tatsa daga manomi da bakin bindiga ƙwace ne, ko da an tara shi gida-gida an kai a buhu. Kuma mutanen da suka tara kuɗin don su tsira da rayukan 'ya'yansu ba su cancanci zargi daga kowa ba, tilas ce ta same su.

Abin da ke tayar mana da hankali shi ne yaron da ya buɗe ido a cikin wannan hali. In kullum yana jin manya da rediyo suna cewa iko, suna cewa haraji, a ransa ɗan bindiga ya riga ya zama hukuma, kuma fitar da wannan daga zuciyarsa zai fi korar ɗan bindigar wuya.

Mulki da mallaka kuwa tushensu ɗaya a Larabci, amma da suka shigo Hausa kowacce ta kama gidanta. Mulki jan ragamar jama'a ne, yana iya yin kyau yana iya ɓaci, don haka ake ƙara masa bayani: mulkin adalci, mulkin soja, mulkin farar hula, mulkin kama-karya. Mallaka ta dukiya ce. Gona ake mallaka, da doki, da gida, abin da in ka so ka sayar, in ka so ka kyautar, ba mai tuhumarka. Duba yadda iyayenmu suka haɗa kalmomin biyu don su sa wa zamanin Turawa suna. Turawan Ingila da suka yi shelar karɓar Arewa a farkon 1900 cewa suka yi ƙasar tana ƙarƙashin kariyarsu. Ranar 15 ga Maris 1903 sojojinsu suka yi arangama da jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru a filin Giginya, shi kuma ya yi hijira gabas har ya yi shahada a Bormi cikin watan Yuli na shekarar. 'Yan kwanaki bayan Giginya, Lugga, shugaban Turawan Ingila a Arewa, ya tara manyan garin nan ya shaida musu cewa duk abin da aka samu da yaƙi a zamanin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wato naɗa sarki da tuɓe shi da karɓar haraji, yanzu ya koma hannun Ingila domin ita ta ci yaƙi. Bahaushe ya saurari wannan, ya ga yadda aka gudanar da abin ta hannun Razdan da Di'o da En'e (hukumar gargajiya ta sarakuna), bai kira shi kariya ba. Ya ce mulkin mallaka, wato mulkin da ya ɗauki mutane da ƙasarsu tamkar kayan gado. Da Arewa ta karɓi ragamarta a ƙarƙashin Firimiya Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, sai aka ce mulkin kai, kuma ranar 15 ga Maris 1959 aka yi shi, shekara 56 cif bayan Giginya.

Kula da sunan da ake ba abu tsohuwar al'ada ce a wannan gari. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Allah ya ƙara masa yarda, a cikin Kitabul Farƙi ya jera hanyoyin zaluncin sarakunan zamaninsa, kuma ko da yake da Larabci ya rubuta, sai ya kawo sunayen abubuwan da Hausa yadda talaka ya san su: jangali, kuɗin gari, kuɗin salla, gaisuwa. Ku dubi wannan ta ƙarshe. Gaisuwa kalma ce ta ladabi da zumunci, amma an lulluɓe abin da ake kai wa mai mulki don a sami biyan buƙata da ita, Shehu kuma ya yaye lulluɓin. Bai tsaya nan ba, har ya hori jama'arsa da kada su kwaikwayi sarakunan ko a laƙabi, irin su galadima da ubandawaki da yari, ya ce a kira shugaba Amirul Muminina, na kowace ƙasa kuma amirin wuri kaza. Gaskiya ne laƙuban sun dawo daga baya, ga su nan muna da su har yau cikin mutunci. Darasin da ke ciki shi ne malamin da aka yi wa mubaya'a a Gudu a 1804 ya san cewa suna yana iya gyara mai mulki, yana iya lalata shi.

Sauran kalmomin ba sa buƙatar dogon bayani, domin kowa ya ɗanɗana su. Danniya ita ce zaman kashin dankali, babba a kan ƙarami. Babakere da kane-kane na wanda ya tare hanya ne ya hana kowa wucewa, ko a kasuwa ko a ofis. Rinjaye shi kaɗai ne mai tsabta a cikinsu, don ana samunsa da yawan ƙuri'a ko ƙarfin hujja, kuma wanda aka rinjaya yau yana iya rinjaya gobe.

Akwai wata kalma da bai kamata ta ɓace mana ba, ita ce kwarjini. Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ya yi shekara 50 a gadon sarauta, daga 1938 zuwa 1988. A cikin zamaninsa ne gwamnatin soja ta karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun sarakuna a ƙarshen shekarun 1960, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kuma ya ƙarasa abin da ya rage na En'e. Kayan tilastawa duk sun tafi, amma maganarsa ba ta rage nauyi ba har ya koma ga Allah. Dattawan garin nan shaida ne.

Yanzu ku saurari bakin 'yan siyasarmu in zaɓe ya ƙarato. "Za mu ƙwace jiha." "Mun kama ƙaramar hukuma." "Mazaɓar nan ta wane ce." Wane kuma shi ne ubangida, sauran duk yaransa. Wannan harshen mallaka ne, kuma mai magana da shi kafin zaɓe da wuya ya yi aiki da wani bayan zaɓe. Hausa tana cewa mutum ya ci zaɓe ko ya ci sarauta, ba laifi, haka ake cin jarrabawa. Amma tana da wata kalmar ga abin da ke biyo baya, wato riƙo. Ana cewa wane ke riƙe da gari, kuma abin da aka ba ka riƙo na wani ne, za a tambaye ka. Dokokin ƙasar ma a kan haka suka tsaya. Sashe na 14 na tsarin mulkin 1999 ya ce iko na jama'ar Nijeriya ne, daga gare su gwamnati ke samun nata, kuma tsaro da jin daɗinsu shi ne babban dalilin kafa ta. Dokar filaye ta 1978, wadda ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, cewa ta yi ya riƙe ta amana don amfanin kowa. Sakkwatawa kuwa ba sa buƙatar a tuna musu cewa kujera ba ta zama. Sun ga an hamɓarar da Shugaba Shehu Shagari ranar 31 ga Disamba 1983, sun ga an tuɓe Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuki a watan Afrilun 1996.

Ko a cikin gida kalmar ta bi mu. Ana tallar maganin "mallakar miji" a fili, a kasuwa da wayoyin hannu, ana karɓar kuɗin mata da shi, alhali abin da aka ɗaura a gaban shaidu aure ne, da haƙƙi a kan kowane ɓangare. Namijin da ke ɗaukar matarsa kamar kayan da ya saya shi ma wannan cutar ce ke damunsa.

Sai maganar riƙon ƙwarya. Asalinta mutum ya tsare wuri na ɗan lokaci kafin mai shi ya zo. A jihohi da dama na ƙasar nan an mayar da ita hanyar da gwamnoni ke ɗora kantomomi a ƙananan hukumomi shekara da shekaru ba zaɓe, kuɗinsu kuma su bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓun shugabannin ƙananan hukumomi, kuma a riƙa tura musu kasonsu kai tsaye. Jihar Sakkwato tana da ƙananan hukumomi 23. Mutumin Tangaza ko Kebbe ko Gada yana da damar ya je sakatariya ya tambayi ciyaman nawa ya shigo a watan nan, kuma me aka yi da shi, shi kuma ciyaman wajibi ne ya ba shi amsa.