Me Ya Sa R Ke Cewa "undefined symbol"?

Masu kallo, ga abin da ke faruwa da mutane da yawa. Lissafi ya yi nauyi a R, wato harshen kwamfuta na ƙididdiga, sai mutum ya rubuta ɓangaren da ke jan ƙafa da harshen C, ya ɗauko aikin gsl_sf_bessel_J0 daga GSL, laburaren GNU mai ɗauke da shiryayyun ayyukan lissafi. Ya buga R CMD SHLIB, umarnin da ke gina rubutun C ɗin, komai lafiya lau, fayil mai ƙarewa da .so ya fito. Yana shiga R ya kira dyn.load don loda fayil ɗin, sai ta tsaya cak: "undefined symbol", wato an ambaci sunan wani aiki amma ba a same shi ba.

Laifin ba na R ba ne. Ku dubi layin #include da ke saman rubutun. Fayil ɗin .h da ya jawo tamkar allon da ke ƙofar shago ne: sunayen kaya na rubuce, amma kayan suna sito. Da wannan allo kaɗai gcc, mai fassara harshen C, zai juya rubutunku zuwa harshen inji. Sai a mataki na biyu, matakin haɗawa, ake bukatar laburaren kansa.

Ga inda abin yake ruɗa mutane. A Linux, in fayil na .so ake ginawa, mai haɗawa kan bar sunan da bai samu ba ya wuce, da zaton za a same shi lokacin lodawa. Shi ya sa bai ce uffan ba. A Windows kuwa, inda ake amfani da Rtools a gina .dll, tun a wurin haɗawa zai ƙi.

Maganin layi biyu ne. Ku buɗe fayil mai suna Makevars a gefen rubutunku. A PKG_CPPFLAGS ku nuna inda fayilolin .h suke. A PKG_LIBS ku sa -lgsl -lgslcblas -lm, a jere haka, domin mai bukata shi ke gaba, wanda ake bukata ya biyo baya. Ni dai na fi son a tambayi gsl-config --libs, a sa amsarsa a PKG_LIBS, don shi ya san inda laburaren ya sauka a kwamfutarku, kuma wurin kan bambanta daga inji zuwa inji.

Ku sake ginawa, ku duba da ldd, umarnin da ke jero laburaren da fayil ɗin .so ke bukata, ko libgsl ya bayyana a jerin. In ya bayyana, ku sake dyn.load, sannan ku kira aikin da .Call. Ku lura, .Call na miƙa wa C bayanai ne a siffar SEXP, wato siffar da R ke ajiye bayananta, don haka duk sabon abin da kuka ware masa wuri a ciki ku rufe shi da PROTECT, kada mai sharar ƙwaƙwalwa na R ya kwashe shi kuna tsakiyar lissafi.