Jawabin Maraba ga Mai Girma Ministan Harkokin Sufurin Ruwa a Tashar Baro

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Minista, Mai martaba Etsu Agaie, shugabannin NIWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, jami'an kwastam, iyayenmu da 'yan'uwa. A madadin 'yan kasuwa, masu motocin dako da ma'aikatan lodi, muna yi maka barka da zuwa Baro. Sannu da hanya. Kuma tunda ta mota ka zo, hanyar Agaie zuwa Katcha zuwa nan ta riga mu yi maka rabin jawabin.

Ranka ya daɗe, dakon kaya ba baƙon abu ba ne a garin nan. Daga nan aka ja layin dogo a 1907, ya isa Kano a 1911. A 2009 marigayi Shugaba 'Yar'aduwa ya ƙaddamar da yashe Kogin Neja daga Warri zuwa Baro, sannan a Janairun 2019 marigayi Shugaba Buhari ya buɗe wannan tasha. Ga gaɓar sauke kaya mai tsawon mita 150, ga filin jera kwantena, ga babban sito. Abin da ya rage shi ne kayan su zo, su kwana lafiya, su fita a kan lokaci.

Maganar farko ruwa ne. Jirgin dako ba ya ɗaukar abin da cikinsa zai iya, sai abin da zurfin kogi ya yarje masa. Daga Agusta zuwa Oktoba ruwa a cike yake, amma da rani ya tsananta yashi kan fito a tsakiyar hanya, dole a rage lodi, kuɗin dakon kowane buhu ya tashi. Yashe kuma ba aikin sau ɗaya ba ne, domin kowace damina kogi na maido da yashinsa. Muna roƙon a riƙa auna zurfi duk shekara, a sa alamomin hanya, a kuma sanar da tasha kafin madatsun ruwa na Kainji, Jebba ko Shiroro su saki ruwa.

Sai lodi. Kwantena mai ƙafa 20 nauyinta ya ɗan haura tan 2 ba kaya, kuma iyakar abin da za ta ɗauka a rubuce yake a ƙofarta. Tun Yulin 2016 dokar duniya ta hana ɗora kwantenar fitarwa a jirgin teku sai da tabbataccen nauyinta, don haka sikeli mai aiki wajibi ne a nan, kada a kai tashar jiragen teku ta Legas ko ta Onne a ajiye mana kaya gefe. A cikin jirgi masu nauyi ke zama ƙasa da tsakiya, a kulle kusurwa huɗu na kowacce. In aka jibge nauyi gefe ɗaya, jirgi zai karkata tun bai bar gaɓa ba. Injin jera kwantena ma, abin da yake ɗagawa a layin gabansa ba zai iya ba in ya miƙa hannu layi na biyu, kuma direban da bai san haka ba shi ke kifar da shi.

Amma inda dukiya ta fi salwanta shi ne sito, kuma a ɓoye. Bakin kogi wuri ne mai damshi. Buhu ba ya taɓa ƙasa: a kan katako ake jera shi, a bar tazara tsakaninsa da bango yadda mutum zai wuce ya duba. Siminti kada ya wuce buhu goma a tsaye, in ba haka ba na ƙasa ya daskare. Takin yuriya na shan danshin iska ya dunƙule, kuma ba a haɗa shi ɗaki ɗaya da abinci. Masarar da danshinta ya haura kashi 14 cikin 100, in aka rufe ta a kwantena, da rana ƙarfen zai yi zafi ta yi gumi, da dare ruwan ya taru a rufi ya ɗigo kanta. A buɗe a tarar da buhunan sama sun yi fumfuna. Riɗi, citta da kaɗanya duk haka suke, shi ya sa ake auna danshi a ƙofar shiga, a shimfiɗa takarda a cikin kwantena, a rataya buhunan tsotse damshi. Maganin ƙwari kuwa sai ƙwararre: a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu saboda yawan maganin da aka samu a jikinsa.

Buƙatunmu ke nan, ranka ya daɗe: a kammala hanyar Agaie, a farfaɗo da layin dogon da ya haɗa mu da Minna, a zaunar da kwastam da masu duba amfanin gona a cikin tasha, a kuma horar da yaranmu kan injinan nan, don ƙarfen da ke ajiye tsatsa ke cinsa.

Yanzu muna gayyatar ka mu zagaya, mu fara da sito. Allah ya maida kai gida lafiya.