Famfo na aiki, mutane ba sa zuwa: inda digirin dokta yake

(An kwafo daga faifan laccar da wani malami ya yi wa ɗaliban masta a Damagaram.)

Assalamu alaikum. Malamaina, ƙannena ɗalibai, barkanku da hantsi.

Duk ɗan Damagaram ya san zancen ruwa, ba sai na tsaya bayani ba. Injiniya zai haƙa rijiya, ya dasa famfo mai aiki da hasken rana, ya gwada, lafiya lau. Bayan wata shida ka koma, ka tarar mata sun koma tabki. Injin bai lalace ba. To me ya faru? Wannan tambayar ita ce gonar da nake so ku shiga, inda ilimin halayyar ɗan Adam ke haɗuwa da kwamfuta da aikin injiniya.

An taɓa yin irinsa a nan gida. A 2009, Jenny Aker ta Jami'ar Tufts a Amurka da abokan aikinta sun bi azuzuwan yaƙi da jahilci a ƙauyukan Dosso da Zinder. Wasu azuzuwan aka koya musu aika saƙo da salula, wasu ba a koya ba. Waɗanda suka riƙe salula sun fi ƙwarewa a rubutu da lissafi, domin dattijo ya samu dalilin rubutu: ɗansa na Libiya, yana so ya ji labarinsa. A Kenya kuma, Michael Kremer, wanda ya samu kyautar Nobel a 2019, ya ga ba a sa maganin tsabtace ruwa a gida. Da aka ajiye maganin a bakin rijiya, inda kowa ke ganin kowa, sai aka fara sawa.

Na Dosso da Zinder ƙauyukanmu ne fa, amma masu binciken daga waje suka zo. Wannan yana ci mini rai, gaskiya.

Hanyoyi kuwa akwai. Bayan masta, dokta shekara 3 ne a tsarinmu. Shirin RSIF, wanda cibiyar icipe ta Nairobi ke gudanarwa, yana ɗaukar nauyin 'yan Afirka, har da fannin kwamfuta. A Faransa akwai shirin dokta na CIFRE, kana bincike kana aiki a kamfani. A Yamai kuma masu cibiyar bincike ta LASDEL sun daɗe suna nazarin yadda jama'a ke hulɗa da asibiti da hukuma. Mai kwamfuta ya je ya zauna da su.

Sai dai ka koyi Turancin Ingilishi, kuma ka nemi malamai biyu, ɗaya daga kowane ɓangare. Nan ne wahalar take, don kowanne zai ce ɗayan ya ɓata maka lokaci.

Malama, na ga hannunki a sama tun ɗazu. Bismillah.